Awon Auta

Ɗana Injiniya,

Ina gaishe ka, kai da sauran abokan aikin ɗana Auta. Na gode da zuwan da kuka yi gaisuwar rasuwarsa.

Jiya wani direba ya zo shagona gwada rigarsa. Da ya sa, kafaɗa ta matse shi, hannu ya rufe yatsunsa. Ya ce, "Mama, ni kika auna ko sandar lantarki?" Na buɗe baki zan yi dariya, sai na sake duban rigar. Awon Auta ne. Ni da nake masa ɗinki tun yana rarrafe ba zan kasa ganewa ba.

Ka san manhajar da ya yi mini a waya don rubuta awon mutane. Ranar da direban ya kawo yadi na manta ban cike gurbin awonsa ba, amma lambobi suka fito, na yanka. Karatuna bai yi nisa ba. Ka faɗa mini yadda aka yi.

Ka huta lafiya,
Mamar Auta

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ya ƙarin haƙuri?

Na duba. Gurbin awo lamba kaɗai yake karɓa, kuma manhajar ba ta aiki idan babu komai a ciki. Shi ya sa muke ajiye lambar da za ta tsaya idan an manta. Mu sifili muke sawa. Shi nasa ya sa: kafaɗa sha shida, hannu ashirin da bakwai. Dama a ofis muna tsokanarsa da tsawon hannu, cewa daga kujerarsa yake kashe fanka. A gefen lambobin ya rubuta: "Na wucin gadi, sai na tambayi Mama."

Idan aka bar shi haka, za ki sake ɓata yadin wani. Zan iya cirewa, manhajar ta riƙa tsayar da ke sai kin cike. Zan turo miki gyaran a waya, amma ba zai taɓa komai ba sai kin danna da kanki.

Ɗanki,
Injiniya

Ɗana,

Na gode, Allah ya yi maka albarka. Ka yi gaskiya, idona ba kamar da ba, kuma yadin mutane amana ne. Bai samu ya tambaye ni ba. Da ya tambaya, sifili zan ce.

Na ga gyaran da ka turo tun Talata, da wurin da zan danna ya shiga. Mutum uku da suka kawo ɗinki suna jira, a takarda na rubuta awonsu.

Ban danna ba tukuna.

Ka gaida gida,
Mama