Kuɗin Fanso Gonar Yayata Na Zuba a Mashin Ɗin Tafiya

Assalamu alaikum mai kula da shafi, da fatan kana lafiya, kai da duk masu bibiya. Don Allah a sakaya sunana, a garinmu kowa ya san kowa. Kuma ina roƙon masu sharhi su daure su karanta har ƙarshe kafin su zage ni. Zagin kam kullum ina yi wa kaina, shawara ce na rasa.

Ni bakanike ne, ina gyaran babura a cikin garin Birnin Gwari. Shekaruna sun ɗan haura talatin, ban yi aure ba. Asalinmu 'yan Kutemeshi ne. Iyayenmu sun rasu ina ƙarami, yayata ce ta raine ni, zan kira ta Yaya Asabe duk da ba sunanta ke nan ba. Ita ta kai ni wurin koyon gyara, ita ta saya min sifanar farko da na riƙe.

Shekarun baya, lokacin da hanyar Kaduna ta lalace, 'yan bindiga suka tare motar da na shiga zan je sayo kayan gyara, suka kora mu daji. Ba zan faɗi abin da na gani a can ba, har yau bakina ba ya iya ɗaukarsa. Abin da ya shafi maganata shi ne wani dattijo da aka ɗaure mu da sarƙa ɗaya, tsohon direban babbar mota. In rana ta take, yunwa ta kwantar da kowa, sai ya fara ba ni labarin garuruwan da ya kai kaya: Kwatano, Lome, Kumasi, Abijan, har Dakar. Ya ce duk inda ka sauka akwai zango, za ka ji Hausa kamar kana gida. Ya ce akwai ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa, kuma gishiri ne zalla. Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba, sai in rufe ido ina saurare. Wata rana ya ce min, "Yaro, in Allah ya fid da kai, kada ka yarda wannan dajin ya zama shi ne babban abin da ka gani a rayuwarka." Shi bai fito ba. Ciwon suga gare shi, kuma babu magani. Allah ya jiƙansa.

Ni na fito ne saboda Yaya ta sayar da gonarta. Mijinta ya rasu, gonar ce kaɗai ya bar mata ita da yara huɗu. Maƙwabcinta Baba Ɗanjuma ne ya saya, Kirista ne, tun kakanni gonakin dangin mijinta ke jere da nasu. Da zai ba ta kuɗin ya ce, "Asabe, ajiya na karɓa. Duk ranar da kuka samu, ku kawo abin da na bayar ku karɓi abinku." Ranar da na dawo gida, a gaban 'yan jaje, na rantse da Allah ni zan fanso gonar nan da hannuna. Yaya ta ce, "Yi shiru ka sha kunu, wa ya tambaye ka?" Gaskiya ne, babu wanda ya tambaye ni. Ni na ɗora wa kaina.

Bayan haka sai tsoro ya kama ni, irin wanda ban san akwai shi ba. Ko bakin gari ba na zuwa. In na ji ƙarar babura da yawa sun taho tare, sai in tsinci kaina a bayan shago na durƙushe, ni da babur ne abincina. Yaya kuwa ta taso da yaranta ta dawo cikin gari, ta kama suyar ƙosai a tasha. Ina aiki ina tarawa a asusuna, ba na sayen ko riga, kowa ya san kuɗin gona nake haɗawa. In an yi maganata sai a ce, "Wannan yaron ɗan halak ne."

A wannan zaman ne na fara kallon bidiyon mutanen da ke hawa mashin suna ratsa ƙasashe. Da farko na ce wannan aikin masu kuɗi ne, ina ni ina shi? Amma in na kwanta sai in ce, to wace ƙasa ce babur ba ya lalacewa a cikinta? Ashe ba da sana'ata zan tafi ba? Sai tsoro ya ce min, kai da ba ka iya zuwa Kaduna?

Ranar da abin ya karye, mutumin da nake aikawa ya sayo min kaya ba shi da lafiya, ga aikin mutane jibge. Hanya ta ɗan yi sauƙi a lokacin. Na hau mashin na kama hanya ni kaɗai. Da na iso daidai inda aka tare mu, hannuna ya ƙi riƙe kan mashin. Na tsaya, na yi amai a gefen titi, na zauna a ƙasa ina jiran su fito. Motoci suna ta wucewa, wata mata da itace a ka ta ce min, "Sannu, ko ruwa za ka sha?" Babu abin da ya faru. Na tashi na ƙarasa Kaduna. Wallahi da na dawo, tuwon da na ci ban taɓa jin daɗin abinci kamarsa ba tun fitowata.

Daga nan na je Zariya, na je Kontagora, ƙarshe na je Legas, na ce wa Yaya kayan gyara sun fi araha a can. Ƙaryar farko ke nan. Na tsaya a bakin teku da takalmina a hannu, na ɗebi ruwan na ɗanɗana, gishiri ne kamar yadda dattijon ya faɗa. Na yi kuka har masu wucewa suna waiwayena.

Jama'a, a nan ne na fara cin amana. Na taɓa kuɗin gona na yi fasfo, na ce zan mayar. Na yi katin rigakafi da takardun tsallaka iyaka da mashin, na ce zan mayar. Sai na ga wani mashin mai ƙarfi na hannu, na saya, na sauke injinsa na sake haɗawa, na ƙara masa tanki, na yi masa waldar ƙarafan ɗaura kaya. Akwai wani ɗan garinmu mai gareji a Kumasi, ya ce in zo in yi aiki wurinsa wata biyu uku, in na samu guzuri in ƙara gaba. Niyyata ke nan, gari bayan gari, ina gyara ina ci, ko shekara nawa zai ɗauke ni. Tunda na fara wannan shiri barcina ya dawo, na daina firgita, har ƙiba na yi. Yaya tana cewa addu'arta ce ta karɓu. Abin da ya rage a asusun yanzu bai kai rabin kuɗin gonar ba.

To yanzu da aka samu sauƙin tsaro, mutane sun fara komawa gonaki. Makon jiya Baba Ɗanjuma ya zo gareji da kansa. Matarsa za a yi wa aiki a Zariya. Ya ce wani ɗan kasuwa ya taya gonar da kuɗin da ya fi wanda ya bayar nesa ba kusa ba, amma shi ba zai tashi maganarsa ba. "Sai dai ɗana, ka taimake ni kafin ruwan farko, ciwon ba ya jira." Kun san me na ce wa dattijon nan? Na ce, "Baba, kuɗi na nan, kada ka damu." Ya kama hannuna da hannu biyu yana sa min albarka. Wane irin mutum ne ni?

In na sayar da mashin ɗin, na haɗa da abin da ya rage, na sayar da wasu kayan aikina, zan iya kaiwa ko in yi kusa. Amma na san kaina. In mashin ɗin nan ya bar hannuna, ba zan sake haɗa wani ba. Zan koma bakin shago, in yi aure, in tsufa a nan, dajin nan yana kewaye da ni. Ina tsoron tsoron ya dawo. Amma kuma matar da hayaƙin ƙosai ya ɓata wa ido saboda ni, ita wa ya taɓa tambayarta me take so ta gani a duniya? Shin raina da ta saya da gonarta nawa ne ko nata?

Shekaranjiya da hantsi ta zo gareji da ragowar ƙosai a leda, fuskarta fal murna. Ta ce ta samo irin masara mai kyau, babban ɗanta har ya sa wa fartanyu ƙota. Tana cikin magana iska ta ɗaga tampol ɗin da na rufe mashin da shi.

Ta ce, "Wannan fa na wane ne?"

Na ce, "Na wani ne, gyara ya kawo."

Ta matsa ta yaye tampol ɗin gaba ɗaya. Ta shafa tankin, ta taɓa ƙarafan, ta duba jarkar ruwa da na ɗaure a gefe. Ta ce, "Mai wannan ba kusa zai je ba." Na yi kamar ina neman wani abu a akwatin kayan aiki. Ta daɗe tana kallona, ina jin idonta a ƙeyata. Sai ta ce, "Auta, in ya zo ɗauka, ka faɗa masa ya yi sallama da 'yan'uwansa kafin ya tafi. Jiran mutumin da ba ka san inda yake ba, na ɗanɗana shi, ba na yi wa kowa fatansa." Ta mayar da tampol ɗin ta rufe da kyau, har tana sa dutse a gefensa kada iska ta sake ɗagawa. Ta tafi. Ba ta ƙara maganar masara ba.

Tun ranar ban iya zuwa gidanta ba. Ban sani ba ko ta gane, ko kuwa zuciyata ce ke tsarguwa. In ta gane, wannan izini ta ba ni, ko kuwa ta cire rai da ni ne? In na je na faɗa mata gaskiya, na san abin da za ta ce, za ta ce in tafi, gona ba komai ba ce, kuma wannan ya fi min zagi ciwo. In na sayar da mashin ban faɗa mata ba, ina tsoron wata rana in dube ta in ji haushinta, ita da ba ta yi min komai ba sai alheri. Ga kuma Baba Ɗanjuma yana can yana jirana da mara lafiya.

Jiya hadari ya haɗu ta gabas, bai dai zubo ba.

Don girman Allah, 'yan'uwa, ku da kuke ganin abin daga waje: me zan yi?