Rijiyar Tudu

Maraɗi, watan Maris, 1946

Zuwa ga matata Safiyatu, a Tibiri.

Gaisuwa mai yawa da so da begen ganinki. Yaya ƙarfin jiki, yaya yaron? Ki gaishe mini da Inna, Allah ya saka mata da wahalar dafa ruwan wanka. An ce mini kin yi ƙiba har zane ba ya zagaye ki. Ni kuwa tun tafiyarki tuwon kasuwa ya ramar da ni, sai ki zo ki ga aikinki.

Sabon garin da aka tayar a kan tudu bayan ambaliyar bara yana ta cika, amma ruwa ya zame mana wahala. Mutanen unguwa sun kira Baba daga Jiratawa ya haƙa mana rijiya, ya zo da ƙanena Maliki. Kin san a fadamar Gulbi da ka yi tsayin mutum biyu ka ga ruwa. Nan kuwa sun yi zurfin da muryar Maliki da ƙyar take isowa sama, har yau busasshen yashi.

Hankalina bai kwanta ba. A gidan likita inda nake aikin anfirme, wato jinyar marasa lafiya, lokotoro, babban likitanmu, ya koya mana cewa iskar da muke shaƙa gauraye take. Huhu cike yake da ƙananan jakunkuna. A nan jini ke ɗaukar mai amfani, ya sauke gurɓatacciya mu fitar. Gurɓatacciyar nauyi gare ta, takan kwanta a ƙasan rami mai zurfi. Na roƙi Baba ya riƙa zura fitila kafin a sauka. Ya yi dariya, ya ce tun ban iya ɗaura wando ba yake shiga rijiya.

Ki huta lafiya. Ni ne mijinki, Idirisa.

Maraɗi, watan Afirilu, 1946

Zuwa ga Safiyatu.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da yaron da Inna. Kafin a ci gaba da karanta miki, ki zauna.

Shekaranjiya na dawo cin abincin rana na tarar da Baba yana jan igiya, gugan ƙasa ya fito, ya kira Maliki, shiru. Igiya ɗaya ce, wanda ke ƙasa kwance ta yake yi daga ƙugunsa ya ɗaura wa guga. A gidanmu idan na ƙasa ya yi shiru, uban aiki ke sauka nan take, ba ya tura kowa, ba ya jiran komai. Baba ya zura ƙafa ke nan na rungume shi ta baya na kayar da shi. Ni, Safiyatu, na danne mahaifina a ƙasa gaban mutane, yana kiran sunan Maliki yana cizon hannuna.

Na sa aka zura fitila. Ba ta kai ƙasa ba ta mutu. Muka ɗaura rassan bedi, wato dogon yaro, muna zurawa muna ja da sauri don iskar sama ta shiga, har fitila ta yarda ta ci. Sannan na sauka na ɗaure Maliki aka jawo. Leɓɓansa sun yi baƙi. Na yi ta danna haƙarƙarinsa ina ɗaga hannuwansa har ƙirjinsa ya motsa da kansa.

Yana kwance a gidan likita, yana numfashi, amma bai buɗe ido ba. Baba yana zaune a gefensa. Idan na shigo sai ya juya fuska bango. Ina jin tsoro ƙwarai. Ku taya mu da addu'a.

Mijinki, Idirisa.

Jiratawa, watan Afirilu, 1946

Zuwa ga Safiyatu.

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Saƙon ta'aziyyarku ya iso ta bakin yayanki, Allah ya ba da lada. Mun kawo Maliki gida, an binne shi kusa da kakanmu.

Na tambayi lokotoro gaskiya, bai ɓoye mini ba. Ya ce ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska mai kyau a jini, kuma lokacin da muka ɗauka muna kaɗa rassa shi ya cinye Maliki. Ya kuma ce da Baba ya sauka, da kafin ya ƙulla igiya ya faɗi a kansa, mu haƙa kabari biyu. Duka biyun na yarda da su, ba wanda ya sanyaya mini zuciya.

Baba bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Abin da ya faɗa wa baffa Gado shi ne, ɗansa ya neme shi bai je ba, kuma ya san wanda ya hana shi. Ya raba dagi da igiyarsa ga maƙwabta. Masu zuwa gaisuwa kowa yana amsa masa, ban da ni.

Kullum da safe ina durƙusawa a ƙofar ɗakinsa in gaishe shi. Ba ya amsawa. Sai in ɗan dakata a wurin, in ji tarinsa, in ji yana jan numfashi yana saukewa a bayan asabari, sannan in tashi. Kwanan nan zan koma bakin aiki, ban san ko zai ce mini in sauka lafiya ba. Na yi ta tambayar kaina ko da an mayar da ni bakin rijiyar nan zan sake shi. Wallahi, Safiyatu, sake danne shi zan yi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ni ne mijinki, Idirisa.