Kwalabe Takwas a Ɗakin Tsintsiya

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Cibiyar Binciken Cututtukan Tsirrai.

Daga:
Jami'in Gwaji,
Ɗaki na 9, ƙarshen baranda, Ginin Baya.

Talata, 11 ga Yuni.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: WANKE KWALABEN GWAJI, KULLE SAURAN, DA DAKATAR DA IYA MAI SHARA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafi. Da yake ban tabbata ofishinka ya san har yanzu da mutum a Ɗaki na 9 ba, zan fara da bayanin aikina.

Ina auna yadda ƙwayar cutar da ke lalata ganyen tumatir take maƙalewa a jikin laka. Nakan dama ƙasar gona da ruwa a kwalba, in zuba ƙwayar cutar bisa awo, in bar lakar ta kwanta. Duk Litinin sai in ɗebi ruwan sama kaɗan in shafa wa ganyen gwaji. Ranar Juma'a ɗigo-ɗigo su fito a ganyen, a ƙirga. Yawansu ne ke nuna abin da ya rage a ruwa da abin da laka ta riƙe. A idon mai wucewa, ruwan taɓo ne kawai a gilashi.

Ƙa'idar aikin ita ce mutum biyu su ƙirga kowane ganye, ba tare da ɗaya ya ga lissafin ɗaya ba. Tun rasuwar Farfesa, shugaban sashenmu, shekara huɗu da suka wuce, da aka mayar da abokan aikina Sabon Gini, ba ni da na biyu sai Iya, dattijuwar da ke share ginin nan. Ba ta iya karatu ba, amma idonta ya fi nawa. Da ja-layi take cika shafinta, biyar-biyar. In muka saɓa, takan ce in goge tabarau tukuna kafin in yi mata gardama, kuma sau da yawa ita ce da gaskiya.

Ga abubuwan da nake kuka a kansu:

1. Ranar Litinin, 27 ga Mayu, an fitar da takardar tsabtace gine-gine saboda zuwan masu duba aiki. Ba a kawo mini kwafi ba. Daga baya aka ce mini ɗan aike ya ɗauka ginin nan rumbun ajiya ne.

2. Ranar Laraba, 29 ga Mayu, ina asibitin ido da izinin ofis, sabon Shugaban Tsabta ya buɗe ɗakina. Ya tarar da kwalabe arba'in na ruwan laka, ya ba da umarnin a zubar a wanke. Iya ta gaya masa cewa ba datti ba ne, aikin Malam ne na wata tara. Ya ce ba shawara ya zo nema wurin mai tsintsiya ba. Ta ƙi taɓa su, ya kira waɗansu suka wanke talatin da biyu.

3. Ƙasar da ke cikinsu daga gonar da Farfesa ya zaɓa da kansa ta fito, kuma bara aka malale gonar da siminti aka yi tashar mota. Babu inda zan sake samo ta. Washegarin wankewar na tarar da kwalaben a kife a jere, suna ƙyalli. Na shaida an wanke su da kyau. Na zauna a gabansu har azahar, ban sami wanda zan gaya wa ba.

4. Kafin a kai ga layin ƙarshe, Iya ta kwashe takwas, ɗaya bayan ɗaya, ta ɓoye a ɗakin tsintsiya. Mai gadi ya ce tafiya take kamar mai ɗauke da jariri yana barci, don ta san in laka ta tashi awo ya ɓaci. Wannan ne aka rubuta mata a matsayin ƙin bin umarni da ɓoye ƙazanta, aka dakatar da ita ranar Alhamis, 30 ga Mayu.

5. Shugaban Tsabta ya sa wa ɗakin tsintsiyar kwaɗo, makulli yana hannunsa. Na rubuta masa ranar 3 da ranar 6 ga Yuni, shiru. Litinin biyu sun wuce ban ɗebi awo ba. In ta 17 ga Yuni ta wuce, giɓin ya yi faɗin da ba wanda zai yarda da sakamakon, takwas ɗin sun bi talatin da biyu ke nan.

Ranka ya daɗe, ba na neman a hukunta kowa. Wanda bai taɓa ƙirga ɗigo ba, ba zai ga komai a laka ba sai laka. Abin da ya yi mini ciwo shi ne, mutum ɗaya tak ya gane aikin nan a duk Cibiyar, kuma ita aka kora.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a buɗe ɗakin tsintsiya kafin 17 ga Yuni, a gabana, kada kowa ya jijjiga kwalaben. Ina kuma roƙon a janye dakatarwar Iya a mayar da ita Ginin Baya, domin ko an ba ni makulli yau, awo na mutum ɗaya ba awo ba ne.

Na haɗa da kwafin littafin aiki na Juma'a, 31 ga Mayu. Za ka ga shafina a cike, nata babu ko layi ɗaya. Ranar na gama ƙirga ganyen farko, na miƙa shi gefen dama, inda Iya ke zama, kamar kullum. Na daɗe hannuna a miƙe kafin in tuna.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Jami'in Gwaji, Ɗaki na 9,
wanda Iya ke kira Malam Mai Laka.