Agogon Hannuna

Tambuwal, daren Talata, daminar 1962

Barci ya ƙi zuwa. Ashe a aji, duk sadda zan yi wa yara bulala, sai na fara kwance agogon hannuna na aje bisa tebur. Ban taɓa lura ba sai yau.

Da la'asar a gida na kwance shi zan yi alwala. Ɗiyata Hajo, wadda ke ajina, ta kawo mini buta. Tana ganin haka ta saki butar, ta kare kanta da hannuwa, ta ce: "Fuɗu sau fuɗu sha shida, Malam!"

Malam ta ce mini, ba Baba ba.

Na jefa agogon cikin akwati na kulle. To amma agogon ne ke dukanta?