Akwatin Intanet na Gidan Marigayi

Roni, Laraba

Zuwa ga aminiyata Zaituna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da mutanen Babura baki ɗaya. Na san za ki ce Rahamatu ta koma zamanin kakanni, takarda da biro. Yi dariyarki. Wayata ce ba ta da sirri yanzu, shi ya sa na ba Inna Uwa wannan ta kawo miki ranar kasuwa.

Kin san gidanmu a gindin dutse yake, sabis ba ya shigowa sai ta akwatin intanet ɗin da kamfani suka kafa wa marigayi Baban Musaddiƙ. Ranar jana'iza ni da hannuna na miƙa wa wansa, Yaya Na'Allah, wayar marigayi don ya riƙa amsa masu ta'aziyya. Ashe linzamin akwatin a cikinta yake. Daga gidansa yana ganin sa'ad da na hau da inda na shiga. Jiya ya aiko matarsa ta tambaye ni me mai takaba take nema a shafin makaranta.

Jarrabawar ƙarshe ta digirina nake nema, wadda ake yi ta kwamfuta a gaban kyamara. A inda nake koyarwa an ce duk malamin da bai kawo takardarsa bana ba za a sallame shi, kuma in babu aiki dangin uba ba za su bar mini Musaddiƙ ba. Ga takaba, ko ƙofar gida ba na takawa. Tsoro nake ji, Zaituna.

Ki gaishe mini da yara.

Taki,
Rahamatu

Roni, Lahadi

Zaituna 'yar uwa,

Sallama da gaisuwa. Amsarki ta iso, Allah ya bar zumunci. Ya jikin Umma?

Yaya ya toshe shafin makarantar. Wai ba mutunci ba ne mai takaba ta zauna maza suna kallon fuskarta. Na kira kamfanin, wata yarinya mai zaƙin murya ta ce akwatin nasu ne, mu amfani kawai muke yi da shi, kuma ba mai canza komai sai wanda ke riƙe da layin da aka yi rajista da shi. Na ce mai layin ya rasu. Ta yi mini ta'aziyya mai kyau, sannan ta maimaita abin da ta faɗa.

Na bi shawararki, ke injiniyar Babura, na soka allura a ɗan ramin nan na bayan akwatin don komai ya goge. Garin neman gira na rasa ido. Kamfanin suka mayar da shi yadda yake daga can ofishinsu, suka kuma tura saƙo wayar marigayi cewa an taɓa akwatin. Yaya ya zo ya tsaya a zaure, bai ɗaga murya ba, ya ce shi amanar ƙaninsa yake tsarewa. Da ma faɗa ya yi, da na samu abin mayarwa.

Ɗaurin talala ke nan. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Rahamatu

Roni, Alhamis

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Mu ma da sauƙi, za a ce.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, na aika surukata Hajiya ta roƙi Yaya, na ce ko da niƙabi zan zauna. Ya ce zai duba. Ran Litinin, ranar jarrabawar, na yi alwala, na sa hijabi, na buɗe kwamfuta na zauna. Ina ta dannawa, shafin bai buɗe ba har lokaci ya ƙare. Ban yi kuka ba sai da Musaddiƙ ya tambaye ni ko na ci.

Washegari Yaya ya buɗe komai, ya aiko a ce mini in riƙa sauraron tafsiri, zai rage mini kewa. Makaranta kuwa sun ce sai baɗi.

Ɗazu matar Yaya ta shigo da fara'arta, ta kawo mini fura. Da za ta tafi ta tambaye ni lambar takalmin Musaddiƙ da tsawon wandonsa, wai za a ɗinka masa kayan makarantar da ke kusa da gidansu. Zaituna, na faɗa mata.

Ki zo in kin samu hali.

Taki har kullum,
Rahamatu