Ka Gama Fuskarta Tukuna

Sa'alaba, Jidda
Rajab, 1419

Zuwa ga Abdulwahid, sanyin idona, inuwata a tsakar ranar Jidda, iskar teku mai shigowa ta tagata bayan la'asar, wanda tunaninsa ya sha sa ni ƙona shinkafar Baba. Aminci ya tabbata a gare ka a duk inda ka sa ƙafa.

Saƙonka ya iso, na karanta shi har takardar ta yi laushi. Ka ce bizar komowarka za ta ƙare ƙarshen watan nan, kafilinka kuma, wanda ya tsaya maka a kan takardun zama, ya ce halas, ba zai ƙara maka ko yini ba. In ka wuce, iƙamarka, takardar izinin zamanka, ta mutu, Jiddar da aka haife ka a cikinta ta rufe maka ƙofa. Ka ce kuma aikin kabarin dutsen nan na Luksor, can Masar, bai ƙare ba, gishiri na tsattsafowa daga bango yana ɓamɓare fenti, in ba a kwafe zanen bana ba, baɗi babu abin kwafewa. Sannan ka tattara kayan ka ɗora mini, wai ni zan zaɓa, ka dawo ko ka zauna. Haka ake soyayya a Masar, ranka ya daɗe?

Ka tuna ranar da Yaya Othman ya raka mu Ruwais shan shayi? Na tambaye ka yadda kuke ganin zane a cikin duhun kabari. Sai ka ɗauki farantin shayin, ka tari rana da shi, ka karkato hasken a kaikaice kan bayan hannuna, har wani tabon ƙuna da na manta da shi ya fito fili. Ka ce haka kuke yi da madubi, hasken gefe ne ke tona abin da ya ɓuya. Yaya ya yi gyaran murya, ni kuwa na janye hannu, amma zuciyata tun ranar ba ta dawo mazauninta ba.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko haushi na ji. Ni ga ni da raina da numfashina, kai kana can tsugune gaban matar wani magatakardan Fir'auna, ka shimfiɗa leda mai shara-shara, kana bin girarta da bakin alƙalami! Ka ba ni labarinta har na san ta: tana zaune kusa da mijinta, hannunta a kafaɗarsa, gishiri ya riga ya cinye rabin kumatunta. Baba ma cewa ya yi, yalla, maza ka bar hotunan mutanen Fir'auna ka dawo gida kamar ɗan mutane. Na so in rubuto maka hakan daidai. Wa zai ga laifina?

Sai ranar Juma'a motarmu ta bi ta gefen maƙabartar da aka kai Umma. Ka san mata ba ma shiga, kuma ko na shiga babu suna, babu alama. Ban ja da wannan ba, addu'a ba ta ɓatan hanya. Amma a cikin motar na rufe ido in ga fuskarta, sai na ga goshi ya zo, murmushi ya zo, hanci da haɓa sun ƙi. Hotonta ɗaya ne a duniya, na jikin iƙama, shi ma an karɓe shi da ta rasu. Na yi kuka, Abdulwahid, kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ashe ni ma akwai abin da ke cin bangona a hankali, kuma babu wanda ya kwafe mini tun da sauran lokaci.

Matar nan ban san abin da ta bauta wa ba, hisabinta yana wurin Allah. Na dai san wani ya so ta har ya sa aka zana ta kusa da shi. Yaya zan so mutum saboda hannunsa ba ya iya barin abu ya lalace, sannan in ce ya bari saboda ni? In ka dawo a haka, gangar jikinka zan aura, idonka yana can.

Don haka ka zauna, farin watana, ka gama fuskarta tukuna. Jiya na durƙusa gaban Baba na ce ni zan zo wurinka Masar. Ya daɗe yana jan carbi bai dube ni ba, daga baya ya ce kawunka Husaini ya zo a yi maganar aure. Na ciro fasfo ɗina na Nijar, ƙasar da ban taɓa gani ba, za a buga masa fita ta ƙarshe. Na san ma'anarta: ba ni ba Sa'alaba, ba ni ba zuba wa Baba shayin safe. Ina jin tsoro, kuma ban fasa ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka taɓa gode mini a kan wannan, don ranar da ka gode zan tuna abin da na bari. Ka zo tashar jirgin ruwa kawai ka tsaya inda zan hango ka.

Taka a Jidda, taka a Masar, taka har ranar da za a kai ɗayanmu inda ba a rubuta suna,

Luba