Sakamakon Jinin Sharifa

Sule Tankarkar, 12 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga maigidana, Yaya Ilu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya Damagaram, yaya zaman shago? Mahaifiyarka, Gwaggo, tana gaishe ka. Tunda an rufe boda, kuma wayarka ba ta shiga, na ba Ɗantsoho mai babur wannan takarda ya kawo maka ta hanyar daji.

Na kai 'yarmu Sharifa asibitin Gumel kamar yadda ka ce. Har yanzu idan ta sha koko ta hanci yake fitowa, kuma ga shi ta cika shekara uku ba ta tsayawa sai an riƙe ta. Suka tura mu Kano a ɗinke mata tsagar da ke ganɗarta. Har an sa rana, sai wata likita, Dakta Ummulkhair, ta tambaye ni ko mun taɓa rasa ɗa. Na ba ta labarin yaronmu na fari, mai sunan Baba, yadda aka shiga da shi tiyata a gyara masa ƙafa, aka sa masa maganin barci, jikinsa ya ɗau zafi ya sandare, bai farka ba. Ta ajiye biro. Nan take ta soke aikin, ta ɗebi jinin Sharifa, ta ce za a kai shi ƙasar waje a bincika.

Gwaggo ta ce shan inna ne. Ni dai na san ban tsallake rigakafi ko ɗaya ba.

Taka har kullum,
Safara'u

Sule Tankarkar, 20 ga Janairu, 2024

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Yaya sanyi a can? Na ga amsarka da atamfar da ka aiko, na gode, Allah ya ƙara buɗi.

Sakamakon ya fito. Zan rubuta maka yadda Dakta ta yi mini bayani, don sau uku na sa ta maimaita. Ta ce a cikin tsokar mutum akwai wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Idan jijiya ta kawo saƙo daga ƙwaƙwalwa, sai su sa a saki wani sinadari mai suna kalsiyam, tsoka ta motsa. Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ke taimaka wa ƙofofin nan yin aikinsu, to shi ne ya zo wa Sharifa da tawaya tun a ciki. Shi ya sa fatar idonta take saukowa, shi ya sa ba ƙarfi a wuyanta. Shi ne kuma ya sa maganin barcin nan ya tafi da yaronmu. Shekara biyar ina kai ƙarar likitan da ya sa masa maganin wurin Allah, ashe shi ma bai sani ba. Na yi ta istigfari.

Na tambayi magani. Ta ce babu, ko a Kano ko a Turai, sai dai gashin ƙashi da lallaɓawa. Ta ce bayanta zai ci gaba da karkacewa, wata rana ya matse mata numfashi. Ɗinkin ma an ɗage shi, don ƙirjinta ba zai ɗauka ba yanzu.

Abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa shi ne, ta tambaya ko ni da kai 'yan uwa ne. Na ce mahaifiyarka da mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ta ce rabi daga wurinka ya zo, rabi daga wurina, mu kuma lafiyarmu ƙalau saboda kowa rabi yake ɗauke da shi. Duk cikin da zan samu, kashi ɗaya cikin huɗu haka zai zo. Ta ce ba laifin kowa ba ne. Ta kuma ce da kowannenmu bare ya aura, da wuya a ga haka.

Yaya, kunya ta hana ni gaya maka a waccan takardar. Ina da ciki, tun kafin ka tafi. Watansa shida yanzu. Yana motsi, amma ba na iya tuna ko na Sharifa haka ya yi.

Don Allah ka rubuto.

Matarka,
Safara'u

Gumel, 18 ga Afrilu, 2024

Yaya,

Ina gaishe ka, da fatan ka yi salla lafiya. An buɗe boda tun watan jiya. Duk ranar Alhamis sai Baba ya je kasuwar Maigatari ya tsaya inda motocin Damagaram ke sauke mutane ko zai gan ka. Ɗantsoho ya rantse mini a hannunka ya sa takardar Janairu, kuma a gabansa ka karanta. Ban ji haushinka ba. Ni ma da ina da inda zan tsaya ban dawo ba, wataƙila da na tsaya.

Na sauka ranar Talata da hantsi, mace. Ba ta yi kuka ba sai da aka daɗe ana murza ta. Da aka miƙo mini ita na ji ta a hannuna kamar jiƙaƙƙen zane. Na bari ungozoma ta juya baya, na sa ɗan yatsana a bakinta, na ji tsagar. Ba ta iya kama nono, da cokali nake ɗiga mata.

Mata suna ta shigowa barka, ni ma ina amsawa. Gwaggo ta ɗauki jaririyar ta duba, ta mayar mini da ita. Jiya na ji ta a bakin ƙofa tana gaya wa Baba cewa zumunci ba zai lalace ba don an sawwaƙe wa juna. Idan abin da ke ranka ke nan, ka faɗa mini da kanka, kada na ji a bakin wani.

Suna ranar Talata ne. In ba za ka samu zuwa ba, ka aiko da sunan da kake so, Baba zai yi mata huɗuba.

Ɗazu aka kawo Sharifa ta ga ƙanwarta. Aka jingina ta da filo kusa da ita. Ta ɗaga haɓa sama, yadda take yi in tana son gani da kyau, ta daɗe tana dubanta. Sai ta yi murmushi ta ce, "Umma, wannan irina ce." Murna take yi, Yaya. Na ce mata haka ne.

Ka huta lafiya.

Ni ce,
Safara'u